Matsayin Manaja a Ƙungiyar Tseren Keke: Nazari a Kan Rayuwar Cyrille Guimard na Faransa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon tseren keke irin wanda ake yi a kan manyan hanyoyin ƙasashen Turai, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne mahayan nan da ke tafe a cunkushe, sa'an nan kuma wanda ya riga kowa tsallake layi. Ba kasafai ake kula da jerin motocin da ke biye da su a baya ba, kowace da kekuna ɗaure a bisa kanta. To, a cikin kowace mota akwai wani mutum wanda ba ya taka feda ko da sau ɗaya, amma shi ne ya zaɓo mahayan, shi ya tsara musu horo, sau da yawa ma shi ya nemo kuɗin albashinsu, kuma shi ke gaya musu lokacin da za su kai farmaki da lokacin da za su yi haƙuri. Wannan mutum shi ne manajan ƙungiya, wanda Faransawa suke kira daraktan wasa.

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu bayyana yadda aikin wannan mutum yake, da abin da ikonsa ya dogara a kai. Maimakon mu tsaya ga bayani na gaba ɗaya, mun zaɓi mu bi rayuwar mutum guda, watau Cyrille Guimard, wanda mahayansa suka cinye babban tseren kewaya Faransa, Tour de France, har sau bakwai tsakanin 1976 da 1984. Abin da muke son nunawa shi ne, jarin manaja bai wuce yardar da mahaya suka yi da ganinsa ba, kuma gwanintar da ke sa ya reni zakara ita ce dai takan kai shi ga rabuwa da wannan zakaran.

2.0 Dalilin da ya sa ake bukatar manaja

Kafin mu shiga tarihin Guimard, ya kamata mu amsa wata tambaya. Tun da mutum ɗaya ne ke cin tsere, mene ne amfanin ƙungiya, balle manajanta?

Amsar tana ga iska. Mahayin da ke gudu da sauri a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfinsa wajen keta iska yake ƙarewa. Wanda kuwa ya laɓe dab da bayan wani, yana iya rage wahalarsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka ne mahaya suke tafiya a dunƙule tamkar ayari, kuma saboda haka ne kowace ƙungiya take ware mutum ɗaya ta ce shi ne jagora, sauran su zama barorinsa. Su ne ke shiga gabansa su tare masa iska, su koma baya wajen mota su ɗebo masa ruwa, su bi sawun abokin hamayyar da ya ɓalle, in kuwa tayarsa ta yi faci wani ya sauka ya miƙa masa tasa ƙafar keken. Hannu ɗaya, in ji Hausawa, ba ya ɗaukar jinka.

Shi tseren Tour de France, wanda jaridar L'Auto ta ƙirƙiro a 1903, ana yinsa ne zango-zango har tsawon mako uku, a kan tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Akwai zangon fili, akwai na tsaunukan Alps da Pyrenees, akwai kuma tseren agogo, inda kowane mahayi yake fita shi kaɗai ba mai tare masa iska. Ana tara lokacin da kowa ya ɗauka a kowane zango, wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa rawayar riga, wanda kuma ya isa Paris da ita shi ne zakara. A shekarun da Guimard ya fara aiki kowace ƙungiya tana shiga da mutum 10. An rage su zuwa 9 daga baya, sa'an nan zuwa 8 a 2018.

Idan muka nemi abin da ya yi kama da wannan aiki a cikin al'adunmu, za mu tuna da madugu a zamanin fatauci. Shi ya san hanya, shi ke yanke inda za a yada zango, shi ke sasanta 'yan ayari, kuma in an yi asara shi ake tuhuma. Bambancin kawai shi ne, madugu yana tafe cikin ayarinsa, shi kuwa manaja a mota yake. Har zuwa shekarun 1990, lokacin da aka fara sa wa mahaya ƙaramar rediyo a kunne, manaja ba shi da hanyar ba da umurni sai ya kutsa da motarsa kusa da mahayi ya leƙo ta taga ya ɗaga murya. Ke nan, yawancin aikinsa tun kafin a tashi ake yinsa.

3.0 Daga sirdi zuwa mota

An haifi Cyrille Guimard ran 20 ga Janairu 1947 a garin Bouguenais, kusa da birnin Nantes a yammacin Faransa. Ya zama ƙwararren mahayi mai karɓar albashi a 1968 a ƙungiyar Mercier, ya kuma yi suna wajen saurin ƙarshen zango. A 1971 ya zo na uku a gasar duniya. A tsawon rayuwarsa ta hawa ya ci zango 7 a Tour de France.

Shekarar da ta fi muhimmanci ga bayaninmu ita ce 1972. A waccan shekara Guimard ya yi kafaɗa da kafaɗa da Eddy Merckx na Beljiyam, wanda a lokacin ba shi da na biyu a duniya. Ya ci zango 4, ya sa rawayar riga kwanaki da dama, har ma ya tsere wa Merckx a kan tsaunin Revard. Amma gwiwoyinsa suka kasa. Aka dinga yi masa allurar kashe zafi don ya ci gaba, har dai abin ya gagara, ya fita daga tseren ana gab da isa Paris, yana sanye da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki. Da aka kammala, Merckx, wanda rigar ta faɗa hannunsa, ya miƙa masa ita don girmamawa. Guimard bai sake komawa irin wannan ƙarfi ba. A farkon 1976, yana ɗan shekara 29, ya sauka daga keke ya karɓi ragamar ƙungiyar Gitane daga hannun Jean Stablinski.

Mun kawo wannan ne domin shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Mutumin da ya ga yadda yawan tsere da rashin kula suka cinye masa jiki tun yana da ƙuruciya, shi ne ya zama manajan da ya fi kowa tsantseni wajen tanadin ƙarfin yaransa.

4.0 Manaja a matsayin mai dabara

Jagoran ƙungiyar Gitane a 1976 shi ne Lucien Van Impe, ɗan Beljiyam, gwanin hawan tsauni, wanda ya girmi sabon manajansa da wata uku. Van Impe ya saba da cin kyautar gwanin tsaunuka, yana kuma da halin taka tsantsan, ba ya son kai farmaki sai ƙarshen zango ya matso. Guimard ya ga cewa tsarin hanyar waccan shekara, mai yawan tsaunuka, ya dace da shi ya nemi babbar kyautar.

A zango na 14, wanda ya ƙare a kan tsaunin Pla d'Adet cikin Pyrenees, Guimard ya umurce shi da ya ɓalle tun da sauran tafiya mai nisa. Bisa ruwayar Guimard, sai da ya matso da mota ya yi barazanar ture shi daga hanya kafin ya motsa. Van Impe ya musanta wannan ruwaya. Abin da babu jayayya a kansa shi ne ya ɓalle ɗin, ya ba Joop Zoetemelk na Holan ratar fiye da minti 3 a wannan rana, ya kuma isa Paris da rawayar riga, da ratar minti 4 da daƙiƙa 14. Daga wannan shekara har zuwa 2025 ba wani ɗan Beljiyam da ya sake cin wannan tsere. Duk da haka, da shekara ta ƙare sai Van Impe ya bar ƙungiyar. Wannan ita ce rabuwa ta farko.

Akwai misalai biyu kuma da suke nuna irin dabarar Guimard. A tseren kewaya Italiya, Giro d'Italia, na 1980, a ranar da za a hau tsaunin Stelvio, an tura Jean-René Bernaudeau gaba tun da wuri. Da jagoran ƙungiyar, Bernard Hinault, ya ɓalle a kan tsaunin, sai ya tarar da ɗan'uwansa a gaba, suka dinga karɓa-karɓa wajen tare iska har garin Sondrio. Bernaudeau ya ci zangon, Hinault ya karɓi rigar jagora, ya kuma cinye tseren. Haka nan a Tour de France na 1984, wani matashin ƙungiyar, Vincent Barteau, ya shiga cikin mutum uku da suka ɓalle a zango na 5 suka ba ayari ratar fiye da minti 17. Barteau ya riƙe rawayar riga kwana 12, ƙungiyar tana da riga a hannu, jagoranta na ainihi kuwa yana tanadin ƙarfinsa yana jiran tsaunukan Alps. A duka misalan, mahayi ne ya yi gumi, amma a ɗakin otal aka ƙulla shawarar tun daren jiya.

5.0 Manaja a matsayin malami

A nan ne, a ganinmu, Guimard ya fi bambanta da waɗanda suka gabace shi, kuma a nan ne ya kamata mu daɗe.

Bernard Hinault, wanda aka haifa a 1954 a yankin Bretagne, ya shiga Gitane a 1975. A shekararsa ta farko an yi ta jefa shi cikin tsere bayan tsere har ya ɓata da Stablinski. Da Guimard ya zo, sai ya tsara masa tafiya hawa-hawa. A 1977 Hinault ya ci manyan tseren yini ɗaya guda biyu a Beljiyam, watau Gent-Wevelgem da Liège-Bastogne-Liège, ya kuma ci tseren Dauphiné mai mako guda, bayan ya faɗa rami a gangaren wani tsauni ya fito ya sake hawa. Jama'a suka zaci lalle za a gan shi a Tour de France a wannan bazara. Guimard ya hana. Sai a 1978, bayan ya fara gwada shi a tseren kewaya Sifaniya, Vuelta, ya ga ya jure mako uku har ya ci, sa'an nan ya shigar da shi. Hinault ya cinye Tour de France a gwajinsa na farko, yana ɗan shekara 23. Ya sake ci a 1979 da 1981 da 1982, duk a ƙarƙashin Guimard, a ƙungiyar da a lokacin take amsa sunan kamfanin motoci na Renault, wanda ya sayi Gitane.

A 1980 Hinault yana sanye da rawayar riga gwiwarsa ta kumbura. A garin Pau, daren da za a shiga Pyrenees, ya fita daga tseren ya bar garin a ɓoye ba tare da ya fuskanci 'yan jarida ba. An soki yadda aka yi abin ƙwarai. Amma mako kaɗan bayan haka, a garin Sallanches, Hinault ya ci gasar duniya. Idan muka ajiye wannan kusa da abin da ya sami Guimard a 1972, za mu ga bambanci tsakanin gwiwar da aka tilasta mata da wadda aka bari ta huta.

Irin wannan haƙuri ne aka yi da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar duniya ta matasa a 1979 a ƙasar Ajantina. A lokacin ƙungiyoyin Turai ba su ɗauki Amurkawa da daraja a wannan wasa ba. Guimard ya ɗauki Hinault suka tafi har jihar Nevada suka zauna da yaron da iyayensa, ya shiga Renault a 1981. Shekara uku cur ba a sa shi a Tour de France ba, ko da yake a 1983 ya ci Dauphiné da gasar duniya ta manya. Da ya shiga a 1984 ya zo na uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a ɗora masa jinka sai ya ƙosa.

Bayan haƙuri akwai ilmi. Kafin zamanin Guimard, yawancin horo bisa gado ake yinsa, watau a tara kilomita masu yawa kamar yadda magabata suka yi. Shi kuwa ya raba shekara kashi-kashi, da lokacin gina jiki da na kaifafa shi da na hutu, aka kuma zaɓar wa kowane mahayi tseren da zai sa a gaba. Ya yi amfani da dangantakarsa da kamfanin Renault ya kai mahaya da kekuna ɗakin gwajin iska, inda ake auna yadda iska ke turje wa abin hawa. Daga nan aka fito da keken Gitane Profil a 1979, mai ƙarafa da aka sassaƙa don keta iska. Ya kuma mai da hankali ga yadda mahayi ke zama a kan keke. Ƙa'idar nan da ta yaɗu ta hannun LeMond, cewa a auna tsawon cikin ƙafar mahayi a ninka da 0.883 don a sami tsayin sirdi daga tsakiyar inda feda ke juyawa, daga makarantar Guimard ta fito. Ba abin mamaki ba ne mutumin da gwiwa ta kayar ya damu da tsayin sirdi.

6.0 Inda nasara take jawo rabuwa

Malamin da ya iya renon zakaru, wata rana zai wayi gari da zakaru fiye da ɗaya a gida guda. Laurent Fignon, ɗan Paris, wanda aka haifa a 1960, ya shiga Renault a 1982. A 1983 ya taimaki Hinault ya ci Vuelta, amma Hinault ya fito daga wannan tsere da raunin gwiwa wanda ya kai shi ga tiyata, bai sami shiga Tour de France ba. Fignon, yana ɗan shekara 22, ya shiga karo na farko ya kuma cinye.

Dama dangantaka tsakanin Hinault da Guimard ta riga ta yi tsami. Yaron da aka rena ya zama babban mutum mai nasa ra'ayi, ba ya son a ci gaba da juya shi. Magana ta kai ga kamfanin Renault ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, ya kuwa zaɓi manaja, tun da yana da Fignon da LeMond a hannu. Hinault ya tafi sabuwar ƙungiyar La Vie Claire ta attajiri Bernard Tapie. A 1984 aka haɗu. Ƙungiyar Renault ta ci zango 10, Fignon shi kaɗai ya ci 5, ya ba Hinault, wanda ya zo na biyu, ratar minti 10 da daƙiƙa 32. Wannan shi ne ƙololuwar aikin Guimard, domin duka mutum ukun da suka hau dandamali a Paris, Fignon da Hinault da LeMond, shi ya rene su.

Amma a ƙarshen wannan shekara Tapie ya yi wa LeMond tayin kwantiragi na kimanin dala miliyan ɗaya a shekara uku, kuɗin da ba a saba jin irinsa a tseren keke ba, shi ma ya tafi. A 1985 ciwon agara ya kwantar da Fignon, Hinault ya ci Tour de France karo na biyar. A 1986 LeMond ya ci. Watau almajiran Guimard sun ci gaba da ci, amma a rigar wani.

Ƙarshen wannan babi ya zo ran 23 ga Yuli 1989. Fignon, wanda ya riga ya ci Giro a waccan shekara, ya shiga zangon ƙarshe, tseren agogo na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, yana gaban LeMond da daƙiƙa 50. LeMond ya sa hular kwano mai keta iska, ya kuma ɗaura wani ƙarin ƙarfe a kan kekensa wanda ke haɗe hannuwa gaba ya rage faɗin jiki. Fignon ya fita kai ba hula, da kan keke irin wanda aka saba, yana kuma fama da gyambon sirdi. LeMond ya riga shi da daƙiƙa 58, ya cinye tseren da daƙiƙa 8, rata mafi ƙanƙanta a tarihin gasar. Ilmin iskar da Guimard ya shigo da shi, shi ne tsohon almajirinsa ya yi amfani da shi ya kayar da ƙungiyarsa. Guimard bai sake cin Tour de France ba.

7.0 Manaja a matsayin ɗan kasuwa

Tseren keke ya sha bamban da ƙwallon ƙafa ta wata fuska mai muhimmanci. A kan hanyar kowa da kowa ake yinsa, ba a karɓar kuɗin ƙofa, ƙungiya kuma ba ta da filin kanta. Kusan duk abin da take samu daga kamfanin da aka rubuta sunansa a rigar mahaya yake fitowa, shi ya sa ma ƙungiya take amsa sunan kamfanin. Ranar da kamfani ya janye, mahaya da makanikai da masu tausa duk sun rasa abinci.

Haka ta faru a 1985, lokacin da Renault, wanda ke fama da babbar asara, ya sanar da janyewarsa. A tsarin da aka saba, kamfani ne ke mallakar ƙungiya, manaja ma'aikacinsa ne kawai. Guimard da Fignon suka juya abin. Suka kafa nasu kamfani, wanda shi ke ɗaukar mahaya aiki, sa'an nan ya sayar da filin talla na rigarsu ga wanda ya saya. Da haka ƙungiyar ta zama Système U daga 1986, sunan wasu jerin kantuna, sa'an nan Castorama daga 1990 zuwa 1995. Wannan tsari, inda ƙungiya ke zaman kanta tana sauya mai ɗaukar nauyi, shi ne yawancin manyan ƙungiyoyi suka bi daga baya.

Sai dai ya zo da nasa tsada. Malami da almajiri sun zama abokan ciniki, lissafin kuɗi ya shiga tsakaninsu, manaja kuma ya rage lokacin da yake ba hanya ya ƙara wanda yake ba ofis. A ƙarshen 1991 Fignon ya tafi wata ƙungiya a Italiya, suka rabu ba da daɗi ba. Wannan ita ce rabuwa ta huɗu. Castorama ta ci gaba da samun nasarori nan da can, kamar cin tseren Flanders da Jacky Durand ya yi a 1992, amma zamanin mulki ya wuce. Guimard ya taimaka wajen kafa ƙungiyar Cofidis, wadda ta fara tsere a 1997, bai kuwa daɗe a cikinta ba.

8.0 Batun amana

Ba zai yiwu mu yi magana a kan wannan aiki mu tsallake batun ƙwayoyin ƙara kuzari ba, domin lafiyar matasa tana hannun manaja. Fignon, kafin rasuwarsa a 2010, ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da wasu haramtattun magunguna a zamanin hawansa, ya kuma bayyana yadda shigowar sinadarin EPO mai ƙara jini a farkon shekarun 1990 ya sauya wasan ɗungum. A 1998 aka kama wata mota ta ƙungiyar Festina maƙare da irin waɗannan magunguna, manajanta Bruno Roussel ya amsa cewa da tsarin ƙungiya ake ba da su. A 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong nasarorinsa bakwai na 1999 zuwa 2005, a 2018 kuma aka haramta wa manajansa, Johan Bruyneel, shiga harkar har abada. Waɗannan misalai sun nuna cewa ikon da ke ba manaja damar hana yaro tsere don ya tsare masa jiki, shi ne dai ikon da wani zai yi amfani da shi ya jefa yaron cikin halaka.

9.0 Abin da ya bari

Daga 2003 Guimard ya koma aiki da matasa a kulob ɗin Roubaix a arewacin Faransa, inda Andy Schleck na Luxembourg ya bi ta hannunsa a 2004. Ya daɗe yana sharhin tsere a gidan rediyon RMC. Daga 2017 zuwa 2019 ya riƙe ƙungiyar ƙasar Faransa, a lokacinsa ne Romain Bardet ya zo na biyu a gasar duniya ta 2018 a Innsbruck. Bugu da ƙari, wasu daga cikin mahayansa su ma sun shiga mota. Marc Madiot, wanda ya ci Paris-Roubaix a rigar Renault a 1985, ya kafa ƙungiyar La Française des Jeux a 1997, Bernaudeau kuma ya gina tasa ƙungiya a yankin Vendée. Duka biyun sun shekara fiye da ashirin suna jan ragama.

10.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa aikin manajan ƙungiyar tseren keke ya tattara ayyuka uku, na mai dabara da na malami da na ɗan kasuwa. Mun ga yadda Guimard ya ci Tour de France sau bakwai da mutum uku, Van Impe sau 1, Hinault sau 4, Fignon sau 2, da yadda kowanensu, har da LeMond, ya ƙare da barinsa. Ba mu ɗauki wannan a matsayin gazawa kaɗai ba. Manaja ba shi da sanda, umurninsa yana tafiya ne muddin mahayi ya yarda cewa na cikin mota ya fi shi hangen nesa. Da zarar horo ya yi kyau har mahayi ya fara gani da idonsa, to, ko dai manaja ya sauya yadda yake bi da shi, ko kuwa su rabu. Tarihi ya nuna Guimard ya fi gwaninta wajen renon yaro a kan zama da babba.

Ga mu da muke horon malamai, musamman na fannin wasanni da motsa jiki, akwai abu biyu da za mu ɗauka. Na farko, sanin lokacin da za a hana ɗalibi mai hazaƙa shiga gasar da ta fi ƙarfin jikinsa wani ɓangare ne na koyarwa, ko da kuwa makaranta da iyaye suna ɗokin kofi. Na biyu, ya kamata mu shirya wa ɗalibanmu ranar da waɗanda suka koyar za su kamo su, har su wuce su. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna a kan yadda za a shigar da waɗannan abubuwa biyu cikin manhajar horon malamai.